Hayaƙin ƙaramin jirgin ƙasa na kwaikwayo

Hayaƙin ƙaramin jirgin ƙasa na kwaikwayo shi ne farin hayaƙi ko tururin da ake sa kan ƙaramin jirgin ƙasa ya riƙa fitarwa ta bututunsa yayin da yake tafiya, domin ya yi kama da jirgin kwal na gaske. Ƙaramin jirgin da ake nufi shi ne wanda ake ƙerawa bisa ma'auni, yana tafiya da wutar lantarki a kan ɗan siririn layin dogo da aka shimfiɗa a bisa tebur, ko a ƙasan ɗaki, ko a tsakar gida. A mafi yawan waɗannan jirage babu abin da yake ƙonewa. Wata 'yar na'ura ce a cikin kan jirgin take ɗumama mai, ko ta warwatsa ruwa, har ya fito da kamannin hayaƙi.

Dabarar ta yaɗu ne daga ƙasar Amurka a shekarar 1946, kuma tun daga lokacin masu sha'awar ƙananan jirage suke saɓani a kan amfaninta. Wasu na ganin jirgin kwal ba ya cika sai da hayaƙi. Wasu kuma na ganin wahalarsa ta fi kyansa yawa. Tushen saɓanin shi ne ana iya rage girman ƙarfe da taga da ƙafar jirgi daidai da ma'auni, amma hayaƙi ba ya bin ma'auni. Saboda haka amsar ta danganta da girman jirgin, da wurin da ake kunna shi, da tsawon lokacin da zai yi yana tafiya, da kuma lafiyar mutanen da ke wurin.

Hayaƙin jirgin kwal na gaske

Kafin a gane abin da ake kwaikwaya, sai an san yadda kan jirgin kwal yake aiki. A bayansa akwai murhu inda ake zuba kwal. Zafin wutar yana bi ta cikin bututuwa masu yawa da suka ratsa babbar tukunyar ruwa, ruwan ya tafasa ya zama tururi. Tururin ne yake tura fistin a cikin silinda, fistin kuma ya juya ƙafafun jirgin ta hanyar sandunan ƙarfe.

Idan tururin ya gama aikinsa a silinda, sai a sake shi da ƙarfi ta ƙarƙashin bututun hayaƙi. Fitarsa tana jawo hayaƙin murhu sama, tana kuma zuƙo sabuwar iska cikin wutar, kamar yadda zugazugin maƙeri yake hura gawayi. Wannan ne ya sa hayaƙin jirgin kwal yake fita guda-guda tare da ƙara. A kan jirgi mai silinda biyu, tururi yana fita sau huɗu a duk lokacin da ƙafa ta yi zagaye ɗaya.

Abu biyu ne suke fita tare. Baƙin shi ne hayaƙin kwal da bai gama ƙonewa ba, kuma ya fi yawa idan an zuba sabon kwal ko jirgi yana jan kaya masu nauyi. Farin kuma tururi ne da ya haɗu da iska mai sanyi ya koma ƙananan ɗigon ruwa. Shi ya sa farin ya fi fitowa da sanyin safiya, a tsakar rana mai zafi kuwa yakan ɓace tun bai yi nisa da bakin bututu ba.

Jirgin kwal a yankin Jigawa

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911. A shekarar 1930 aka kammala reshen da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, mai tsawon fiye da kilomita 200, wanda ya ratsa yankin da yanzu yake jihar Jigawa ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Faɗin layin milimita 1,067 ne. Gyaɗa da fatu da dabbobi na daga cikin manyan kayan da ake ɗauka a kansa, kuma garin Malam Madori ya bunƙasa ne a matsayin tashar da ƙasar Haɗeja take kai kayanta.

Jiragen wancan zamani da kwal suke aiki, wanda ake haƙowa a Inugu. Daga shekarar 1948 aka fara kawo wasu kawunan jirage daga Ingila waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan Nijeriya. A shekarar 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, kuma daga tsakiyar shekarun 1950 jiragen dizal suka fara maye gurbin na kwal a hankali, har aka daina aiki da su.

Tsohon layin bai bi ta Dutse ba, wadda ta zama babban birnin jihar Jigawa da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991. A watan Fabrairu na shekarar 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Zai bi ta Kazaure, kuma an tsara masa reshe daga Kano zuwa Dutse. Faɗinsa milimita 1,435 ne, kuma jiragen zamani aka shirya masa. Ke nan yawancin ɗaliban jihar ba su taɓa ganin jirgin kwal yana tafiya ba sai a hoto ko a fim, kuma ba za su gan shi a sabon layin ba. Ga malamin tarihi ko na kimiyya, ƙaramin samfuri mai motsi na daga cikin 'yan hanyoyin da suka rage na nuna yadda abin yake.

Ma'aunin ƙananan jirage

Ana ƙera ƙananan jirage bisa ma'auni da aka sani a duniya, kuma kowanne yana da harafin da ake kiransa da shi:

G: kashi 1 cikin 22.5 na girman jirgin gaske, faɗin layi milimita 45. An fi shimfiɗa shi a waje.
O: kashi 1 cikin 48 a Amurka, 1 cikin 43.5 a Ingila, faɗin layi milimita 32.
OO: kashi 1 cikin 76, faɗin layi milimita 16.5. Shi aka fi sani a Ingila.
HO: kashi 1 cikin 87, faɗin layi milimita 16.5. Shi ya fi yaɗuwa a duniya.
N: kashi 1 cikin 160, faɗin layi milimita 9.
Z: kashi 1 cikin 220, faɗin layi milimita 6.5. Kamfanin Märklin na Jamus ne ya fito da shi a shekarar 1972.

Manyan kamfanoni sun fi ƙera jiragen Turai da Amurka da Japan. Wanda yake son kwaikwayon tsohon layin Kano zuwa Nguru yakan yi amfani da ma'aunin HO a kan layi mai faɗin milimita 12, ko ma'aunin 1 cikin 64 a kan layi mai faɗin milimita 16.5, domin su ne suka yi kusa da milimita 1,067 idan aka yi lissafi. Girman ma'auni yana da muhimmanci ga batun hayaƙi, domin shi ne yake nuna yawan wurin da za a samu a cikin kan jirgi don sa na'ura da ma'ajiyar mai.

Tarihi

Ƙananan jiragen farko na ƙarni na 19 da tururi na gaske suke tafiya. Ana zuba musu ruwa, a kunna 'yar fitila a ƙarƙashin tukunya. Da jiragen lantarki suka yaɗu a farkon ƙarni na 20, sai aka samu jirgi mai siffar na kwal amma babu abin da ke fita ta bututunsa.

A shekarar 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin Amurka biyu suka fito da jirage masu hayaƙi. Kamfanin Lionel, wanda aka kafa a birnin New York a shekarar 1900, ya yi amfani da wata 'yar ƙwaya da ake jefawa ta bututu, ta faɗa kan ƙwan fitila mai lotsawa a samansa, zafin ƙwan ya narkar da ita. A shekarar 1947 ya canza zuwa wayar da ke yin zafi, daga baya kuma ya koma amfani da mai. Kamfanin A. C. Gilbert, mai ƙera jiragen American Flyer, ya fara ne da mai, ya sa ɗan zugazugi a taragon kwal da ke bin kan jirgi, wanda ke tura hayaƙin ta siririn tiyo zuwa bututu.

A Turai, kamfanin Seuthe na Jamus ya shahara da wata siririyar na'ura da ake zurawa cikin bututun jiragen HO. A Ingila, kamfanin Tri-ang ya sayar da jirage masu hayaƙi a shekarun 1960, inda ɗan fistin ke tura hayaƙin daidai da juyawar ƙafa. A shekarun 1990 kamfanonin Amurka irin su MTH da Lionel suka yaɗa na'ura mai 'yar fanka, wadda ke ba da hayaƙi mai kauri. A shekarar 2003 kamfanin Hornby na Ingila ya fito da jirgin OO mai tafiya da tururi na gaske, wanda lantarki ke tafasa masa ruwa. A shekarun 2020 kuma aka fara sayar da jirage masu fitar da hazon ruwa ba tare da zafi ba.

Yadda na'urar take aiki

Na'urorin da ake amfani da su sun kasu huɗu.

Ta farko ita ce mai waya da lagwani. Ana ɗiga mai na musamman ta bakin bututu, lagwani ya tsotse shi ya kai shi jikin wayar da lantarki ke sa ta yi zafi. Man ya zama tururi, da ya fito ya haɗu da iska sai ya koma ƙananan ɗigo masu yawo, su ne ido yake gani kamar farin hayaƙi. Irin wannan tana sakin hayaƙi siriri, a miƙe, ba guda-guda ba.

Ta biyu ita ce mai fistin ko zugazugi. Wayar da lagwanin duk ɗaya ne, sai dai an haɗa wani ɗan fistin da ƙafafun jirgin, yana tura iska duk lokacin da suka juya. Tsofaffin jirage sukan yi busa ɗaya ko biyu a zagaye, maimakon huɗu na jirgin gaske.

Ta uku ita ce mai fanka. Wata 'yar kwamfuta a cikin kan jirgin ce take kunna fankar tana kashewa daidai da juyawar ƙafa da kuma ƙarar da ke fita ta lasifika. Ita ta fi ba da hayaƙi mai yawa, ita kuma ta fi tsada da cin wuta.

Ta huɗu ita ce mai ruwa. Wani ɗan faifai ne yake karkarwa fiye da sau 100,000 a daƙiƙa ɗaya, ya farfasa ruwa zuwa hazo mai sanyi. Ba ta amfani da mai ko zafi, amma tana buƙatar tataccen ruwa.

Yadda ake ba jirgin wuta shi ma yana tasiri. A tsohon tsari, ana rage gudun jirgi ne ta hanyar rage ƙarfin wutar da ke kan layi. Idan jirgi yana tafiya a hankali, wayar ba ta samun isasshen zafi, hayaƙin sai ya ragu ko ya ɗauke. Wannan kishiyar jirgin gaske ne, wanda ya fi turnuƙe sama lokacin da yake tashi daga tasha. Sabon tsarin da ake kira DCC, wanda ya yaɗu daga shekarun 1990, yana barin cikakkiyar wuta a kan layi koyaushe, yana aika wa kowane jirgi umarni daban, don haka ana iya kunna hayaƙi ko jirgi yana tsaye.

Hujjojin masu goyon baya

Masu son hayaƙi suna cewa shi ne alamar da ido ya fara kamawa. Mutumin da bai san bambancin kan jirgin kwal da na dizal ba, da ya ga abu yana fita ta bututu zai gane irin jirgin da ake nunawa. A wuraren baje koli an san yara da baƙi sun fi tsayawa a gaban jirgi mai hayaƙi.

Akwai kuma amfanin koyarwa. Idan hayaƙin yana fita guda-guda daidai da juyawar ƙafa, ɗalibi zai ga alaƙar fistin da ƙafa da bututu da idonsa, abin da zane a allo ba ya nunawa cikin sauƙi. Masu ɗaukar hoto da bidiyo su ma suna amfana, musamman idan bayan jirgin da duhu kuma haske yana zuwa daga gefe ko daga baya.

A manyan ma'auni kamar G da O, wurin sa na'ura yana da faɗi, man yana daɗewa, kuma hayaƙin yana da kaurin da zai yi kama da na gaske. Wasu tsofaffin masu sha'awa kuma ƙamshin man ne yake tuna musu da ƙuruciya.

Hujjojin masu suka

Babbar hujjar masu suka ita ce ta ma'auni. Idan faɗin bakin bututun jirgin gaske santimita 40 ne, a ma'aunin HO bai kai milimita 5 ba. Hayaƙin jirgin gaske yana fita da ƙarfi daga babban baki, yana murɗewa yana dunƙulewa kamar hadari. Wanda ke fita daga ɗan ƙaramin baki a hankali yakan tashi siriri, kamar na turaren tsinke. Hayaƙin da ya kai tsayin mita 10 a jirgin gaske daidai yake da santimita 11 da rabi a HO, amma hayaƙin samfuri yana wuce wannan tsayi cikin ƙiftawar ido, ya bi iskar ɗaki ya watse. Mai kallo sai ya ga jirgin ƙarami ne, maimakon ya manta da ƙanƙantarsa.

Ta biyu ita ce launi. Hayaƙin mai da hazon ruwa duk fari ne. Babu wata hanya mai tsafta ta fitar da baƙin hayaƙin kwal a cikin ɗaki, domin baƙin toka ce ta gaske.

Ta uku ita ce sauri. Jirgi mai ƙafar da faɗinta ya kai mita 1.2, idan yana gudun kilomita 40 a awa, ƙafarsa tana yin kusan zagaye uku a daƙiƙa, wato busa 12 ke nan. Ƙaramin jirgin da ke kwaikwayon wannan gudu shi ma zagaye uku ƙafarsa take yi. A irin wannan sauri busar 'yar na'ura takan haɗe ta zama zare ɗaya.

Ta huɗu ita ce maiƙo. Tunda man ba ƙonewa yake yi ba, duk ɗigon da ya tashi sai ya sauka. Yana sauka a jikin jirgi, da rufin taragu, da 'yan gidaje da itatuwan da aka ƙawata wurin da su, da kuma kan layin. Layin shi ne yake kai wa jirgi wuta, don haka idan maiƙo ya haɗu da ƙura a kansa sai jirgi ya riƙa tsayawa yana fizga.

Ta biyar ita ce lalacewa. Idan mai ya ƙare aka bar na'urar a kunne, lagwani yakan ƙone, waya ta tsinke. Idan kuma aka zuba fiye da ƙima, man yakan nutsar da wayar ko ya malala cikin injin. Zafin na iya lanƙwasa jikin jirgin da aka yi da roba. A ƙananan ma'auni 'yan ɗigo kaɗan na'urar take ɗauka, suna ƙarewa cikin mintuna, sai a tsayar da jirgi a sake ɗigawa.

Ta shida ita ce lafiya. Ɗigon man da ke yawo a iska yana shiga hanci da maƙogwaro. A rufaffen ɗaki yana iya jawo tari da ƙaiƙayin ido, yana kuma iya tayar wa mai ciwon asma da ciwonsa. Saboda haka wasu ƙungiyoyin masu sha'awa da masu shirya baje koli sukan hana kunna hayaƙi a cikin zaure.

A yanayin Dutse da tsakiyar Jigawa

Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne don gidajen Turai da Amurka. Yanayin Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, yana ƙara wa wasu matsalolin nauyi.

Ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi da ke shiga ɗaki ko an rufe taga. Busasshiyar ƙura ana iya kaɗe ta da buroshi mai taushi. Wadda ta sauka kan maiƙo kuwa tana manne wa, ta zama baƙin datti a ƙafafun jirgi da kan layi. A wannan lokaci ne kuma mura da tari suka fi yawa, kuma ake rufe ƙofa da taga saboda sanyi, wato lokacin da ya fi rashin dacewa da ƙara hayaƙi a ɗaki.

Zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40. Na'ura mai waya tana ƙara zafi a cikin jikin roba da ya riga ya ɗauki zafi. Idan aka kunna fankar ɗaki don a sha iska, ita ma sai ta kwashe hayaƙin tun daga bakin bututu. A waje kuma hasken rana mai ƙarfi yana sa farin hayaƙi ya ƙi ganuwa, sai da sassafe ko da yamma liƙis.

Bushewar iska. Hazon ruwa yana saurin ɓacewa a busasshiyar iska, don haka na'ura mai ruwa ta fi kyan gani da damina fiye da rani. Ruwan rijiya da na burtsatse yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke toshe faifanta. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota yana yi, amma dole a bambanta shi da ruwan batir mai asid, wanda zai cinye na'urar ya kuma ƙona fata.

Wutar lantarki. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Taransifomar jirgin da aka sayo daga Amurka za ta ƙone idan aka jona ta kai-tsaye. Hawa da saukar wuta, ko ta gari ko ta janareta, yana kuma cutar da 'yar kwamfutar da ke sarrafa hayaƙi.

Samun mai. Man hayaƙi da kayan gyara daga waje ake odarsu. Wannan yakan sa a yi tunanin gwada abin da ke kusa. Kananzir da fetur da turaren feshi suna kama wuta, bai halatta a ɗiga su kan waya mai zafi ba. Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su toshe lagwani, baƙin mai kuma hayaƙinsa yana da illa. Haka nan sa garwashi ko guntun maganin sauro na kunnawa a cikin samfurin kwali ko na kara hanya ce ta tayar da gobara, musamman da rani.

Motar kara da sauran hanyoyi

Kwaikwayon abin hawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Yara sun daɗe suna ƙera motar kara da karan dawa da totuwa bayan girbi, da motar langa-langa, da ta gwangwani da waya, ana yanka tsofaffin silifa a yi taya. Waɗannan motoci ba su da inji, mai jan motar ne yake yin ƙarar da bakinsa, yana canza ta idan zai hau tudu ko zai tsaya. Abin da wannan ya nuna shi ne siffa da motsi da ƙara sun isa su sa mai kallo ya cike sauran da tunaninsa.

Masu ƙananan jirage ma suna da hanyoyin da ba sa buƙatar mai. A samfurin da ba ya motsi, irin wanda ɗalibai ke yi don baje kolin kimiyya, ana yayyaga auduga a ɗaura ta a siririyar waya a soke a bututu, a shafa mata garin gawayi. Auduga tana ba da dunƙulallen baƙin hayaƙin da na'ura ba ta iya bayarwa. Wasu suna barin jirgin haka nan, su ƙara hayaƙin a hoto da kwamfuta. Wasu kuma sun fi son kashe kuɗinsu a kan ƙara da fitilu, da yi wa jirgin fentin toka da tsatsa a inda jirgin gaske yake yin su.

Inda ya dace da inda bai dace ba

Idan aka haɗa hujjojin ɓangarorin biyu, hayaƙi ya fi dacewa:

a manyan ma'auni kamar G da O;
a waje, ko a zaure mai buɗaɗɗun tagogi;
a nuni na 'yan mintuna, kamar darasi ko ɗaukar bidiyo;
idan na'urar tana da makunninta daban, yadda za a iya kashe ta jirgi ya ci gaba da tafiya.

Bai cika dacewa ba:

a ƙananan ma'auni kamar N da Z, da yawancin jiragen HO masu siririyar na'ura;
a ƙaramin ɗaki rufaffe, ko inda akwai jariri ko mai ciwon asma;
a shimfiɗar da aka ɓata lokaci wajen ƙawata ta, wadda maiƙo zai ɓata;
idan jirgi zai yi awanni yana zagaye ba mai lura da shi.

Waɗanda suka zaɓi amfani da shi sukan bi wasu ƙa'idoji: amfani da man da kamfanin ya ambata kaɗai, ƙirga ɗigon da ake zubawa, kashe na'urar da zarar hayaƙi ya fara raguwa, ƙin kifar da kan jirgi alhali da mai a ciki, goge layi da ƙafafu bayan an gama, da rufe jirgin da ƙyalle ko mayar da shi akwatinsa. Ga makaranta ko mai sha'awa a Dutse, inda ƙura da zafi da tsadar oda suka haɗu, na'ura mai ruwa ko auduga ta fi sauƙin kulawa, mai amfani da mai kuma a bar ta sai ranar nuni.

Duba kuma

Jirgin ƙasa
Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya
Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi
Malam Madori
Injin tururi
Wasannin yara a ƙasar Hausa